Gafara da Iyaka: Yaya Kirista Zai Zauna da Mai Cutar da Shi?

Akwai wata tambaya da masu bi sukan kawo wa firistocinsu da katikistocinsu sau da yawa, wani lokaci a ƙofar majami'a bayan Misa, wani lokaci kuma a keɓe da hawaye. Tambayar ita ce: tun da Ubangiji ya umarce mu mu gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, mu kuma ƙaunaci maƙiyanmu, shin wajibi ne mu ci gaba da zama ƙarƙashin hannun mutumin da yake cutar da mu kullum? Mai yin tambayar takan zama matar da mijinta yake dukanta duk daren da ya sha ya bugu. Yakan zama magidancin da ƙanensa ya sayar masa da hatsin rumbu har sau uku, ko yarinyar aiki da aka hana ta haƙƙinta, ko wanda wani ɗan ƙungiya ya bi gari yana ɓata masa suna. Dukansu suna tsoron abu guda, watau kada neman tsira ya zama musu zunubi a gaban Allah.

Wannan tambaya tana da nauyi, domin amsar da ba ta dace ba tana iya jawo asarar rai, ta kuma iya jawo asarar bangaskiya. In muka ce wa kowa ya yi haƙuri kawai, za mu miƙa raunana ga hannun azzalumai da sunan Bishara. In kuwa muka ce kowa ya rabu da duk wanda ya ɓata masa rai, za mu wargaje iyali da zumunci, mu kuma zubar da umarnin ƙauna. Saboda haka ya kamata mu koma ga Littafi Mai Tsarki da koyarwar Ikilisiya, mu bi maganar a hankali.

Wane ne mai cutarwa?

Da farko sai mu rarrabe tsakanin saɓani da cuta. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma ko tsakanin harshe da haƙori akan sami saɓani. Maƙwabcin da akuyarsa ta ci mana shuka, surukar da take da yawan magana, abokin da ya manta da alkawari, waɗannan duka suna cikin kayan da aka ce mu ɗaukar wa juna, kuma mu ma muna cikin kayan da wasu suke ɗauka. Wanda muke magana a kansa a nan shi ne mutumin da ya mai da cuta hali: yana maimaita ta, an yi masa magana bai ji ba, in ya nemi gafara da safe sai ya koma da yamma, kuma abin da yake yi yana lalata jiki, ko hankali, ko dukiya, ko mutunci, ko bangaskiyar wani. Irin wannan mutum yana iya zama bare, amma sau da yawa na gida ne, shi ya sa maganar take da wuya.

Gafara wajibi ce

Kada kowa ya karanta wannan rubutu yana neman ƙofar tserewa daga gafara, gama babu ita. Da Bitrus ya tambayi Ubangiji ko gafara sau bakwai ta isa, an ba shi lissafin da ya nuna cewa gafara ba ta da ƙidaya (Matiyu 18:21-22). A cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, mu da bakinmu muke roƙon Allah ya auna mana gafara da mudun da muka auna wa 'yan'uwanmu. Tun a Tsohon Alkawari ma an hana ramuwa da riƙo, an kuma umarci a ƙaunaci maƙwabci kamar kai (Littafin Firistoci 19:18).

To, mece ce gafara? Gafara ita ce mutum ya sauke haƙƙin ramuwa daga hannunsa ya bar wa Allah shari'a, ya daina yi wa wanda ya cuce shi fatan mugunta, ya riƙa yi masa addu'ar tuba da ceto. Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana a sashe na 2843 cewa daina jin zafin laifi ko mantawa da shi ba ya cikin ikon ɗan Adam, sai dai zuciyar da ta miƙa kanta ga Ruhu Mai Tsarki tana iya juya raunin ya zama tausayi da roƙo domin mai laifin. Ashe ke nan wanda har yanzu yake jin ciwon abin da aka yi masa bai kasa gafartawa ba, muddin ya ƙi ramuwa yana kuma roƙon alheri domin wancan.

Amma mu lura da ayar da take gaban wadda muka ambata a Littafin Firistoci. Aya ta 17 ta hana ƙin ɗan'uwa a zuci, a nan take kuma ta umarci a tsawata masa, domin kada a ɗauki alhakin zunubinsa. Haka kuma a Luka 17:3 Ubangiji ya haɗa tsawatawa da gafara a numfashi ɗaya. Allah bai taɓa sa ƙauna da faɗin gaskiya su zama kishiyoyi ba.

Gafara daban, amana daban

A nan ne da yawa daga cikinmu suke rikicewa. Gafara kyauta ce, mutum ɗaya yana iya bayar da ita ko da mai laifi bai roƙa ba. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, domin yana bukatar tuba. Amana kuma takan dawo ne a hankali, gwargwadon yadda halin mutum ya nuna ya sake.

Tarihin Dawuda da Sarki Saul ya isa misali. Saul surukin Dawuda ne, sarkinsa ne, shafaffe na Ubangiji ne. Duk da haka, da Saul ya jefe shi da mashi yana kaɗa masa molo, Dawuda ya kauce, daga baya kuma matarsa Mikal ta zurarar da shi ta taga ya gudu da dare (1 Sama'ila 19). Sau biyu Saul ya faɗa hannunsa, sau ɗaya a kogon En-gedi inda ya yanke gefen rigarsa kawai, sau ɗaya kuma a sansani inda ya ɗauke mashinsa da butar ruwansa yana barci. Duka biyun Dawuda ya ƙi taɓa shi, ya kuma hana mutanensa. Wannan ita ce gafara a aikace. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. A En-gedi Saul ya yi kuka, ya amsa cewa Dawuda ya fi shi adalci, amma da aka rabu Saul ya koma gida, Dawuda da mutanensa suka hau zuwa mafakarsu (1 Sama'ila 24). A karo na biyu Dawuda ya haye can kan tudu, da rata mai yawa tsakaninsu, kafin ya yi magana. Saul ya amsa laifinsa, ya kira shi ɗansa, ya roƙe shi ya komo, ya yi alkawarin ba zai ƙara cutarsa ba. Dawuda ya ce a aiko wani saurayi ya karɓi mashin, sa'an nan ya kama hanyarsa (1 Sama'ila 26). Bai zagi sarki ba, bai ɗaga masa hannu ba, ya yi makoki sosai ranar da ya ji mutuwarsa, amma bai sake kwana inda mashin Saul zai kai gare shi ba. Ya ga hawayen Saul, ya kuma san halinsa.

Yusufu ma haka ya yi a Masar. Tun ganin farko da ya yi wa 'yan'uwansa da suka sayar da shi, ya juya ya yi kuka, alamar zuciyarsa ba ta riƙe su da mugunta ba. Amma bai bayyana musu kansa ba sai da ya gwada su da ƙanensa Biliyaminu, ya ga Yahuza ya miƙa kansa ya zama bawa a madadin yaron (Farawa 42-45). Da ya tabbata mutanen da suka sayar da ɗan'uwa ɗaya ba za su sayar da na biyu ba, sai ya rungume su. Yakubu kuwa ya bauta wa Laban, kawunsa kuma surukinsa, shekara 20, Laban yana ta sauya masa lada har sau 10. Ƙarshen maganarsu shi ne suka tara duwatsu, suka yi alkawari cewa babu wanda zai ƙetare wannan tsibi zuwa wurin ɗan'uwansa da nufin cuta, suka ci abinci tare, Laban ya sa wa 'ya'yansa da jikokinsa albarka, kowa ya koma ƙasarsa (Farawa 31). Kowane manomi ya san amfanin iyakar gona. Inda aka kafa ta a fili, maƙwabta sukan gaisa da safe, inda ta ɓace kuwa sai a ƙare a gaban mai unguwa.

Littattafan hikima sun tattara wannan darasi. Karin Magana 22:3 ta yabi mai hankali da yake hango masifa ya ɓuya, ayoyi 24 da 25 kuma suka gargaɗe mu game da abota da mai zafin rai, kada mu koyi halinsa. Littafin Sirak, wanda a sura ta 28 ya koyar cewa wanda ya ƙi gafarta wa maƙwabcinsa ba shi da bakin roƙon gafarar Allah, shi ne kuma a sura ta 12 ya kwatanta muguntar maƙiyi da tsatsar tagulla wadda takan komo, ya ce a yi hattara ko da ya zo da ƙanƙan da kai. Marubuci ɗaya ne ya rubuta biyun, bai kuwa ga saɓani a tsakaninsu ba.

Abin da Ubangiji da kansa ya yi

Wani zai ce, ai wannan Tsohon Alkawari ne, Yesu kuwa ya ce wanda aka mare shi a kunci ɗaya ya juya ɗayan (Matiyu 5:39). Gaskiya ne, kuma ba za mu rage ƙarfin wannan magana ba: ta kashe ramuwar gayya har saiwarta. Amma babu mai fassara maganar Yesu kamar rayuwar Yesu. Daren da aka kama shi, wani dogari ya mare shi a gaban babban firist. Bai rama ba, bai kuma yi shiru ba: ya nemi mutumin ya nuna laifin maganarsa, in kuwa babu laifi ya faɗi dalilin marin (Yohanna 18:22-23).

Bisharu sun nuna mana sau da yawa yana kauce wa masu nufinsa da sharri. Yana jariri, Yusufu mai adalci ya gudu da shi da mahaifiyarsa zuwa Masar saboda Hirudus. Da mutanen Nazarat suka so su jefa shi daga kan dutse, ya ratsa tsakiyarsu ya tafi (Luka 4:28-30). Akwai lokacin da ya daina zagawa a Yahudiya domin ana neman ransa (Yohanna 7:1). Yohanna ya kuma gaya mana cewa akwai waɗanda Yesu bai amince musu da kansa ba, gama ya san abin da yake cikin zuciyar mutum (2:24-25). Da ya aiki almajiransa, ya ce su haɗa wayon maciji da tawali'un kurciya, su karkaɗe ƙurar ƙafarsu inda aka ƙi su, in an tsananta musu a wani gari su gudu zuwa wani (Matiyu 10). Sa'ad da lokacinsa ya yi, ya ba da ransa da yardar kansa domin ceton duniya, babu wanda ya ƙwace shi daga gare shi (Yohanna 10:18). Gicciyen da Kirista yake ɗauka shi ne wahalar da ta same shi saboda gaskiya da ƙauna. Dukan da mashayi yake yi wa matarsa ba ya ceton kowa, yana dai ƙara nutsar da mai dukan cikin zunubi.

Matakan da aka ba Ikilisiya

Ubangiji bai bar mu da zato ba, ya shimfiɗa hanya a Matiyu 18:15-17. Mataki na farko shi ne a je wurin mai laifi a keɓe a nuna masa laifinsa. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi jinsu, a kai maganar gaban ikilisiya. In ya ƙi jin ikilisiya, sai dangantaka ta sake, a ɗauke shi kamar na waje. Tsarin yana kāre mutuncin mai laifi, tun da ana farawa a asirce, yana kuma kāre wanda aka cuta, tun da maganar tana da ƙarshe. Sai dai inda zuwa a keɓe zai jefa mutum cikin hatsari, kamar yaro ko mace a gaban mai duka, hankali ya nuna a fara da neman taimakon wasu.

Manzo Bulus ya bi wannan tafarki. Ya ce wa Titus ya rabu da mai raba kan jama'a bayan gargaɗi na ɗaya da na biyu (3:10). Ya ambaci Iskandari maƙerin tagulla da sunansa, ya ce ya yi masa mugunta ƙwarai, ya bar wa Ubangiji sakamako, sa'an nan ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi (2 Timoti 4:14-15). A Filibi, bayan an yi masa bulala ba shari'a, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar (Ayyukan Manzanni 16:37, 25:11). Saboda haka kai ƙara wurin hukuma ba rashin bangaskiya ba ne. Da ya umarci Romawa su zauna lafiya da kowa, ya sa sharaɗi biyu, watau in mai yiwuwa ne, kuma gwargwadon abin da yake hannunsu (12:18). Manzon ya san akwai zaman lafiyar da ɗaya ɓangaren yake ƙi.

Amma mu riƙe manufar wannan nisa da kyau. Bulus ya ce wanda aka ƙaurace wa kada a ɗauke shi maƙiyi, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa (2 Tasalonikawa 3:14-15). Da wani mai laifi a Koranti ya sha horo ya isa, manzon ya roƙi jama'a su gafarta masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:5-8). Iyakar Kirista tana da ƙofa, mabuɗinta kuwa tuba ce ta gaskiya wadda ake gani a aiki.

Idan cutar tana cikin gida

A nan ne al'adarmu takan fi matsa wa raunana. Mukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mukan ce a rufa asirin gida, mukan mai da mace ɗakinta da kalmar haƙuri alhali kumburin fuskarta bai sauka ba. Haƙuri halin kirki ne babba, amma wanda ya aika da wani cikin wuta ya ce masa ya yi haƙuri, zai ba da lissafi. Auren da aka ɗaura a sakaramenti aka kuma cika ba ya warwaruwa, wannan koyarwa tana nan daram. Duk da haka dokokin Ikilisiya da aka fitar a 1983, a doka ta 1153, sun ce idan miji ko mata ya jefa abokin aurensa ko 'ya'ya cikin hatsari mai tsanani na jiki ko na ruhu, ko ya mai da zaman tare ya yi wuya ƙwarai, ɗayan yana da halattaccen dalilin raba wurin zama, bisa izinin Bishof, ko ma bisa shawarar kansa in jinkiri zai kawo hatsari. Igiyar aure tana nan, kuma in dalilin ya kau ana sa ran a koma zama tare, sai dai in hukumar Ikilisiya ta ga akasin haka. Paparoma Faransis ya nanata a 2016, cikin wasiƙarsa a kan ƙauna cikin iyali, cewa akwai lokacin da irin wannan rabuwa takan zama wajibi domin kāre mai rauni da yara ƙanana.

Game da yara kuwa, shiru zunubi ne. Da Amnon ya ɓata ƙanwarsa Tamar, Dawuda ya ji ya yi fushi amma bai hukunta shi ba, Absalom kuma ya ce mata ta yi shiru domin ɗan'uwanta ne. Tamar ta ƙare a kaɗaice, bayan shekara 2 Absalom ya kashe Amnon, gidan Dawuda kuma bai sake samun kwanciyar hankali ba (2 Sama'ila 13). Eli firist ya yi wa 'ya'yansa faɗa da baki amma bai hana su ba, hukunci ya auko wa gidansa (1 Sama'ila 2-4). Katikizim, a sashe na 2265, ya koyar cewa kāre rai yakan zama babban wajibi ga wanda aka danƙa wa rayukan wasu. Iyaye ba su da ikon yin gafara da lafiyar ɗansu ta wurin mai da shi hannun wanda ya lalata shi, ko wane ne shi, ko dangi ne, ko malami, ko ma'aikacin Ikilisiya. Tun 2019 dokar Ikilisiya ta wajabta wa firistoci da masu alkawarin zaman addini su kai rahoton irin wannan laifi, ta kuma umarci kowace diyosis ta tanadi hanyar karɓar ƙara.

Shaidu biyu na zamaninmu

Ranar 13 ga Mayu 1981 Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma Yohanna Bulus na II a dandalin Waliyyi Bitrus. Paparoman, wanda ya zo Kaduna a watan Fabrairu 1982, ya gafarta masa tun yana gadon asibiti, ya kuma ziyarce shi a kurkuku ranar 27 ga Disamba 1983. Amma Agca ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har 2000, lokacin da shugaban ƙasar ya yi masa afuwa aka mai da shi Turkiyya. Gafara ta yi aikinta, shari'a ma ta yi nata. Haka kuma Waliyyiya Josefin Bakita, 'yar Darfur a Sudan, wadda aka sace tana yarinya aka sayar da ita baiwa hannu zuwa hannu. Ta shahara da gafarta wa waɗanda suka azabtar da ita. Amma a 1889, a birnin Venis, da uwargijiyarta ta zo ɗaukarta su koma Sudan, Bakita ta ce ba za ta bi ta ba, hukuma kuma ta tabbatar da cewa ita 'ya ce. Aka yi mata baftisma a 1890, aka ɗaga ta zuwa matsayin waliyyai a 2000. Ƙin da ta yi ran nan shi ne ya buɗe mata hanyar tsarki.

Mu binciki zukatanmu

Daɗin daɗawa, wannan koyarwa tana da hatsarinta, domin zuciyar mutum tana da wayo. Yana da sauƙi mu laƙaba wa tsohuwar uwa mai ƙorafi sunan mai cutarwa domin mu huta da ciyar da ita, alhali Ubangiji ya tsawata wa masu fakewa da addini su ƙi taimakon iyayensu (Markus 7:9-13). Yana da sauƙi mu guji wanda ya faɗa mana gaskiya mai ɗaci mu ce muna tsare kanmu. Saboda haka kafin mu ja da baya daga wani, sai mu tambayi kanmu: shin cuta ce ta ainihi ko kuwa girman kanmu ne aka taɓa? Mun yi masa magana a fili, ko mun nemi wanda zai yi masa? Muna neman tsira ne ko muna neman ya sha wuya? Muna iya ambatar sunansa cikin addu'a da alheri? In yana jin yunwa za mu iya aika masa da abinci, ko da ba za mu ba shi mabuɗin ɗaki ba? Muna faɗar laifinsa ga waɗanda za su iya gyara ko waɗanda suke cikin hatsari kaɗai, ko muna yawo da shi a kasuwa? Kada kuma mutum ya yanke irin wannan shawara shi kaɗai in da hali. Ya nemi firist, ko katikist, ko dattijo mai tsoron Allah. Mu tuna kuma, wataƙila a wani gida mu ne ake kuka da mu. Wanda aka ja masa iyaka, maimakon ya yi ta zargin ɗan'uwansa da rashin gafara, gara ya tafi Sakaramentin Tuba, ya mai da abin da ya ƙwace, ya bar halinsa ya yi masa shaida.

Mu kuma jama'ar ikilisiya, zumuntar mata da ta maza da ta matasa, aikinmu ne mu zama mafaka. In 'yar'uwa ta ƙwanƙwasa ƙofa da dare, a buɗe mata a ba ta wurin kwana kafin a fara maganar sulhu, a kuma nemi mai laifin a faɗa masa gaskiya cikin ƙauna, gama shi ma rai ne da Kristi ya mutu dominsa.

Allah Uba, wanda yake jin kukan waɗanda ake zalunta, yake kuma jiran komowar mai zunubi, ya ba mu zuciya mai gafara da hankali mai rarrabewa. Uwarmu Maryamu, wadda ta sha gudun hijira da Ɗanta, ta yi roƙo domin iyalanmu. Amin.